Uwaliya da Ɗan Golf na Gwarzo

Ranar da Uwaliya ta fara ganin Mahbub, ba a daɗe da yanke dawa ba, gonakin Garo sun buɗe fetal har iyakar ganin ido. Ita da yayarta Kamila sun zo daga Kabo taya kakarsu roron wake. Suna komawa gida da la'asar, kowacce da ƙwarya a ka, sai wani farin abu ya faɗo gabansu, ya yi tsalle biyu ya kwanta tsakanin kunyoyi.

Uwaliya ta sauke ƙwaryarta ta ɗauko shi. Abu ne mai tauri, bai kai ƙwan kaza girma ba, jikinsa duk 'yan ramuka.

"Yaya, wace tsuntsuwa ce take yin irin wannan ƙwai?"

"Ga mai ƙwan can yana tahowa," in ji Kamila, tana nuni da baki.

Wani dogon saurayi ne baƙi, sanye da farar riga mai gajeren hannu da hular hana sallah, riƙe da siririyar sandar ƙarfe mai lanƙwasasshen kai. Da ya iso ya cire hular, ya yi sallama, ya yi musu sannu da aiki, ya tambayi gajiya da mutanen gida, sannan ya ce, "Ku yi haƙuri don Allah, iska ce ta karkatar da ita. Ina fata ba ta taɓa kowa ba."

"Da ta taɓa da ka ji a jikinka," in ji Kamila.

Uwaliya ba ta miƙa masa ba tukuna. Ta ce, "Mene ne sunan abin?"

"Ƙwallon golf."

"Daga ina ka bugo ta?"

Ya nuna wata tsamiya can nesa, inda ya jingine jakarsa. Ta auna nisan da ido, ta girgiza kai.

"Ban yarda ba. Sake bugawa mu gani."

Ya karɓa ya ajiye a ƙasa, ya gyara tsayuwa, ya yi shiru kamar mai sauraron wani abu. Sandar ta zagaya, aka ji ƙas, ƙwallon ta tashi. Uwaliya ta bi ta da kallo tana hawa cikin hasken yamma, tana ƙanƙancewa, har ta zama ɗigo, har ta kasa bambanta ta da sama. Ta daɗe kanta a ɗage. Da ta sauko da idonta sai ta ga shi bai kalli ƙwallon ba ma, ita yake kallo.

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Sunana Mahbub, daga Gwarzo nake," ya ce. "Ko zan san gidan da zan kai ban haƙuri?"

Kamila ce ta amsa, tana taya ƙanwarta ɗaukar ƙwarya. "Gidan Malam Jibirin mai Islamiyya, a Kabo. In kana da ƙarfin hali."

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ne wannan ya faru.

Ashe kuwa yana da ƙarfin halin. Ranar Alhamis ta zagayo, sai ga shi a ƙofar gidan Malam kan tsohuwar Vespar babansa. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, Uwaliya ta fito da ruwa a kofin silba, ta zauna a gefe tana wasa da bakin hijabinta.

A wannan zauren ta ji labarinsa, kaɗan-kaɗan, mako bayan mako. Babansa, Malam Ƙasim, ya yi shekara goma sha shida yana aiki a wata masaƙa a Kano. Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, masaƙar ta rufe, aka sallami kowa. Manajan wurin, wani Ba'indiye, ranar da zai koma ƙasarsu ya miƙa wa Malam Ƙasim wata tsohuwar jaka mai sanduna biyar a ciki, ya ce ya ajiye don tunawa. Malam Ƙasim ya dawo Gwarzo ya kama ɗinki, jakar kuma ta zauna a saman rumbu har Mahbub ya kai girman janyo ta.

"Da ƙwallon goruba na fara," ya gaya mata. "Ban san ma akwai dokoki ba. Sai da na shiga kwalejin horar da malamai a Kano, malaminmu na wasanni, Malam Sajo, ya gan ni ina bugu a bayan ɗakin kwana. Shi ya kai ni fili na gaske."

"Yaya filin yake?"

"Ki ɗauka gonar da ba a shuka komai a cikinta, mai faɗi kamar daga nan zuwa Garo, da itatuwa da tafki. Rami goma sha takwas. Wanda ya zagaye su da bugu mafi ƙaranci shi ya ci."

"To me kake ji in ka buga?"

Ya ɗan yi tunani. "Akwai wani ɗan lokaci da ƙwallon take kaiwa ƙololuwa, kamar ta tsaya, kamar ba ta da niyyar dawowa. A wannan lokacin ba na tuna komai a duniya. Da can ke nan. Yanzu ke nake tunawa, Liya."

Ta sunkuyar da kai. Babu wanda ya taɓa yanke mata suna haka. Daga baya ta ce, "Kai sunanka ma ya gama maka rabin aiki. Ka san ma'anarsa da Larabci?"

"Faɗa min."

"Ba zan faɗa ba. Je ka tambayi malaminka."

Uwaliya ita ke koyar da ajin 'yan mata a Islamiyyar mahaifinta. Wani lokaci tana cikin biya musu karatu sai ta tsinci kanta tana kallon taga, tana ganin wani koren fili da ba ta taɓa takawa ba, da mutum ɗaya tsaye a tsakiyarsa da farar riga.

Shekarar Mahbub ta ƙarshe a kwaleji ta zo da wahala. Hukumar makarantar ta soke tafiye-tafiyen wasanni gaba ɗaya, wai babu hali. Malam Sajo ne ya ɗauke shi a tsohuwar motarsa har Kaduna gasar ɗalibai, suka tafi da garin rogo da ƙuli a leda. Ya dawo da kofi. Bayan ya gama karatu ya shiga gwajin ƙwararru, ya yi kwana huɗu yana zagaya fili, aka ba shi katin da ya sa golf ta zama sana'arsa.

Ranar da ya kawo mata katin ta gani, a ranar Malam Jibirin ya aiko a ce ya jira shi.

Malam dattijo ne siriri mai farin gemu, ba ya ɗaga murya ko a aji. Ya zauna kan buzunsa, suka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi Malam Ƙasim da jikinsa da ɗinki.

"Ɗan nan," ya ce, "na bincika gidanku, ban ji komai ba sai alheri. Amma an ce min sana'arka a kulob ake yin ta."

"Haka ne, Malam."

"Ni abin da na sani game da kulob, wurin giya ne da caca. Ni ne nake tsayawa gaban jama'a ina cewa su nisanci irin waɗannan wurare, balle yanzu da Allah ya kawo mu wannan lokaci na Shari'a. Da wane ido zan kalle su in na ɗauki 'yata na ba ɗan kulob?"

"Malam, ni ban taɓa..."

Malam ya ɗaga hannu a hankali. "Ban ce ka taɓa ba. Ba zan yi wa Uwaliya dole ta auri kowa ba, amma wannan kam ba da hannuna ba. Kana da takardar koyarwa. Ka nemi aikin makaranta, ka dawo mu yi magana."

Aikin makaranta ba ya samuwa, gwamnati ta dakatar da ɗaukar ma'aikata. Duk da haka Mahbub ya yi niyyar ajiye sandunan ya kama ɗinki a shagon babansa. A gidan Kamila, wadda aka yi wa aure a Gwarzo, ya gaya wa Uwaliya haka.

Ta girgiza kai. Sannan ta ce, "In ka bari saboda ni, wata rana za ka kalle ni ka tuna abin da na raba ka da shi. Ba na so. Je ka yi wasanka. Baba ba mugu ba ne, abin ne bai sani ba."

"Za ki jira?"

"Ina zan je?"

Daga nan Mahbub ya shiga yawon gasa. Jos, Kaduna, Ibadan, Fatakwal. Wata gasar ya zo na uku, wata ya faɗi tun a rana ta biyu, wata kuma ya isa garin ya tarar an fasa don kamfanin da zai ɗauki nauyi ya janye. Ya rame, ya ƙara duhu, amma sunansa ya fara fitowa a shafin baya na jaridu.

Lokacin nan wayar hannu ta fara shigowa ƙauyuka. Ya aiko wa Uwaliya wata ƙarama ta hannun Kamila, da sanin mahaifiyarsu Inna Bilki. A Kabo sabis ba ya kamawa sai a gindin wata darbejiya bayan Islamiyya. Kullum in an tashi yara, sai ta je can ta ɗaga wayar sama tana jira.

"Liya, na iso Jos. Filin nan tsakanin duwatsu yake, sanyi kamar a cikin randa. Da safe hazo yana kwanciya a kan ciyawa. Na ce a raina wata rana sai kin taka shi da ƙafarki."

Ta amsa: "Allah ya ba da sa'a, Mahbubi na, abin ƙaunata. Ka sa rigar sanyi. Na tambayi kaina me ya sa na biya wa yara aya ɗaya sau shida yau, sai na tuna kana Jos."

Daga Fatakwal ya rubuto: "Na ga ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar. Na tsaya ina kallo har aka kira sunana sau biyu. Kin ci abinci, zuciyata?"

"Na ci. Dambu Inna ta yi. Na ajiye maka naka a raina."

Ana cikin haka Mudi ya fara zuwa. Ɗan ƙanwar Inna Bilki ne, yana sayar da takin zamani a kasuwar Gwarzo, yana da mota, kuma ba a taɓa jin sa da wani abin kunya ba. Inna tana son abin. Uwaliya takan fito su gaisa don zumunci, ta tambayi mutanen gida, ta koma.

Wata Asabar Mudi ya zo da jarida a naɗe. Ya ce, "Ƙanwata, ba don in ɓata kowa ba. Amma gara ki gani da idonki."

A shafin baya ga Mahbub a Ibadan, ya ci gasarsa ta farko, yana riƙe da babban kofi. A gefensa wata mata ce ba ɗankwali, ta ɗora hannu a kafaɗarsa, kuncinta dab da nasa, tana dariya.

Uwaliya ta ninke jaridar ta riƙe. Ta yi wa Mudi godiya, ta shiga ɗaki. Da yamma ta je gindin darbejiya ta tura layi ɗaya: "Na ga hoton. Allah ya sanya alheri." Ta kashe wayar, ta saka ta a ƙasan akwati.

Mako uku ba ta kunna ba. Tana zuwa aji, tana taya Inna tuwo, tana amsa gaisuwa, amma duk wanda ya san ta ya san ba ta nan. Inna Bilki da kanta ta fara damuwa, ta aika aka kira Kamila.

Kamila ta sa aka fito mata da jaridar. Ta kai ta bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana dubawa, sai ta fashe da dariya.

"Ke dai ba ki iya kallon hoto ba. Zo ki ga wuyansa. Kamar ɗan akuyan da ake ja zuwa kasuwa. Hannunsa biyu a kan kofi, ya karkace kamar zai faɗi. Kuma karanta abin da aka rubuta a ƙasa, matar shugaban kamfanin ce, ita ta miƙa kyautar. Wannan ta haife shi."

Uwaliya ta karɓa ta duba. Wannan karon ba matar ta kalla ba, shi ta kalla. Idonsa a zare, kafaɗarsa a maƙale, ga wani murmushin dole da ba ta taɓa ganin irinsa a fuskarsa ba. Dariya da hawaye suka zo mata tare.

Ta zaro wayar ta nufi bayan makaranta. Tana kunnawa saƙonni suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya.

"Liya, wallahi ban san za ta dafa ni ba. Mai hoto ya ɗauka kafin in matsa."

"Na zo Kabo yau, na tsaya a bakin hanya na kasa ƙarasowa saboda maganar Malam. Na ga rufin makarantarku na juya."

"An cire ni a Kaduna tun rana ta biyu. Ina ganin rami, hannuna ba ya ganinsa."

"Ko zagi ne ki turo min, in san kina lafiya."

Ta zauna a kan saiwar bishiyar ta rubuta: "Na yi maka rashin adalci, na yanke hukunci ban ji daga bakinka ba. Ka yafe min. Amma nan gaba in za a ba ka kofi, ka miƙa hannu daga nesa."

Amsa ta zo kafin ta tashi: "Da sanda zan riƙa karɓa. Yau zan ci abinci."

Mudi da ya ga yadda fuskarta ta dawo, ya gane. Ya daina zuwa zance, sai gaisuwar Inna.

Nasarar Ibadan ta buɗe wa Mahbub wata ƙofa. Kamfanin ya ɗauki nauyinsa zuwa Afirka ta Kudu, gwajin shiga babbar gasar da 'yan wasan ƙasashe suke bugawa. Wanda ya tsallake zai zauna can shekaru. Uwaliya ta san abin da hakan yake nufi gare ta, amma ta rubuta masa: "Je ka gwada. In ba ka je ba, ba za ka taɓa sani ba."

Kwana shida aka yi ana bugawa. Tun a rana ta huɗu wuyan hannunsa na hagu ya kumbura, ya ɗaure da bandeji ya ci gaba. A rami na ƙarshe yana bukatar ƙwallon ta shiga daga nisan taku huɗu. Ta gangara, ta leƙa bakin ramin, ta zagaya shi, ta tsaya a waje.

"Bugu ɗaya, Liya. Da bugu ɗaya na rasa. Likita ya ce hannun ba zai ƙara ɗaukar gasar kwana huɗu a jere ba. Ban san ko ni wane ne ba yanzu."

Ta karanta sau uku kafin ta amsa. "Kai ne Mahbub ɗan Malam Ƙasim, wanda ya tashi daga ƙwallon goruba ya kai inda babu ɗan Gwarzon da ya taɓa kaiwa. Ka yi kukanka a can, ka wanke fuska, ka dawo gida. Ina nan."

Ya dawo. Ya yi wata biyu a shagon babansa yana sa maɓalli, ba ya ko kallon jakar sanduna. Malam Sajo ne ya zo har Gwarzo ya same shi, ya ce wani kulob a gefen Kano yana neman ƙwararren da zai zauna musu, ya koyar da wasa, ya kula da fili da ma'aikata. Akwai albashi, akwai gida a cikin harabar.

"Koyarwa ba faɗuwa ba ce," in ji Malam Sajo. "Ni ita na yi, ga ka nan."

Mahbub ya karɓi aikin. Ya yi tsammanin zuciyarsa za ta riƙa ciwo in ya ga wasu suna tafiya gasa. Ta yi ciwon, na ɗan lokaci. Sai wata safiya wani dattijon likita da ya yi wata guda yana sarar ƙasa da sanda maimakon ƙwallo ya buga ƙwallo ta tashi sosai, ya juyo yana dariya kamar yaro. Mahbub ya ji wani daɗi da bai san da shi ba.

A Kabo kuwa, Uwaliya ta samu mahaifinta bayan sallar walha yana duba littafi. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ina da magana, in an ba ni izini."

"Faɗi, Uwata."

"Na taɓa ganin hoto na yanke wa mutum hukunci, daga baya na gane na zalunce shi. Na tuna kai kake koya mana a aji cewa kada mu yi shaida a kan abin da ba mu gani ba. Baba, ka taɓa ganin wurin nan?"

Malam ya rufe littafin a kan yatsansa. "Tashi ki je," ya ce, ba da faɗa ba.

Ranar Laraba, bai gaya wa kowa ba, ya shiga motar haya zuwa Kano.

Mahbub yana tsakiyar fili da ma'aikata suna gyaran magudanar ruwa, wandonsa a naɗe, ƙafarsa duk laka, sai maigadi ya zo ya ce wani malami yana nemansa. Da ya hango farin gemun sai ya nufe shi da sauri. Ya durƙusa a kan ciyawa ya kwashi gaisuwa.

"Zagaya da ni," in ji Malam. "Ko'ina."

Suka zagaya. Ya nuna masa inda ake fara bugu, da ramukan, da ɗakin da yake gyaran sanduna, da 'yar rumfar da ma'aikata suka kewaye da duwatsu suna sallah. Malam ya tambayi kyautar da ake ba wanda ya ci gasa, daga ina take fitowa. Mahbub ya ce kamfanoni ne suke sakawa don tallan kayansu. Malam ya gyaɗa kai, ya ce wannan ba caca ba ce.

Suka iso babban ginin. Malam ya tsaya gaban wata ƙofa mai duhun gilashi.

"Nan fa?"

Mahbub ya san zai iya cewa ɗakin taro ne. An rufe, babu kowa a ciki da rana.

"Nan ne wasu baƙi 'yan ƙasashen waje suke zama su sha abin da suke sha, Malam. Ba zan ɓoye maka ba, akwai shi. Ba ni da iko a kansa. Ban taɓa shiga ba, kuma tun ranar da na karɓi aiki na gaya musu hannuna ba zai taɓa komai na ciki ba. Aikina a fili yake."

Malam ya dube shi sosai. "Ka san da ka ce min ɗakin ajiya ne da na yarda?"

"Na sani, Malam."

Aka kira azahar daga wani masallaci can bayan katanga. Ma'aikata suka ajiye shebur suka nufo rumfa. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Malam Mahbub, a tayar?" Sai ya ga baƙo ya yi shiru. Mahbub ya matsa baya ya nuna wa Malam Jibirin gaba.

"A'a," in ji Malam. "Wanda ya saba ja muku shi zai ja."

Ya bi shi sallah a sahun farko, tsakanin mai yankan ciyawa da maigadi.

Da aka idar suka zauna a inuwa. Iska tana kaɗa itatuwa, filin ya miƙe kore shar har bakin tafki, wasu fararen balbelu suna kiwo a kai. Malam ya daɗe yana kallo.

"Ɗakin can bai kwanta min ba, kuma ba zai kwanta min ba," ya ce. "Amma a kasuwa ma akwai abin da ba na so, ban hana 'ya'yana auren 'yan kasuwa ba. Mutum nake nema wa Uwaliya wanda ba zai yi mata ƙarya ba." Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Ka ce wa Malam Ƙasim ina sauraronsu."

Mahbub ya durƙusa ya yi godiya. Ya raka shi har tasha, ya riƙe masa ƙofar mota. Sai da motar ta ɓace ya zaro waya.

"Liya, Baba ya zo. Ya bi ni sallah. Ya ce a turo."

Amsarta gajeriya ce: "Alhamdu lillahi. Na kasa rubutu, ina kuka. Inna ma tana taya ni."

An ɗaura auren a Kabo ranar wata Juma'a cikin damina, gero ya fara fitar da kai. Mutanen Gwarzo suka cika motoci uku. Malam Sajo ya zo da babbar riga, ma'aikatan fili suka zo da nasu ayarin, har dattijon likitan nan. Mudi ne ya ba da motarsa aka ɗauki amarya. Malam Ƙasim da hannunsa ya ɗinka rigar ango, ya yi kwana tara yana yi mata aiki a wuya.

Kafin a fita da ita, aka kai Uwaliya gaban mahaifinta, lulluɓe, Kamila tana riƙe da ita. Malam ya ɗora hannu a kanta.

"Uwata, kin yi haƙuri da ni, kin kuma gyara min kuskure cikin ladabi. Na yafe miki duniya da lahira. Allah ya sa gidan da za ki ya zame miki wurin hutawa."

Washegari da hantsi, bayan 'yan rakiya sun koma, Mahbub ya zo ya same ta zaune a bakin gado, lalle ya kama jawur a hannunta.

"Amarya, kin ga tsakar gidanki kuwa?"

Ya buɗe ƙofar baya. An yi ruwa da asuba, rana ta fito, kowane ganye yana ɗauke da ɗigonsa. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo, mayafinta yana kaɗawa.

"Duk wannan?"

"Ba namu ba ne. Amma ni nake shayar da shi, kuma yau Asabar ba mai zuwa sai bayan la'asar."

Ta kama hannunsa na hagu, wanda ya ji ciwon, ta riƙe shi a hankali cikin nata biyu.

"Yana yi maka zafi har yanzu?"

"In an yi sanyi."

"To ni zan riƙa gasa maka."

Suka fita tare, suna tafiya sannu-sannu, ba mai gaggawa a cikinsu. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa yadda suka faro da gaskiya su ƙare da ita. Amin.